Ko Kyau Yana Iya Zama Shaidar Gaskiya?

Masu ilimin fiziks, wato waɗanda suke binciken motsin abubuwa, da haske, da zafi, da ƙarfin da yake riƙe da wata a hanyarsa, suna da wata al'ada wadda takan ba baƙo mamaki. Sa'ad da ɗayansu ya rubuta layin lissafi a allo, abokan aikinsa sukan duba su ce yana da kyau, ko kuwa su ce mummuna ne. Ba kyan rubutun hannu suke nufi ba. Nufinsu shi ne lissafin gajere ne, ba shi da faci, kowane sashe nasa yana riƙe da ɗan'uwansa, ga shi kuma da 'yan alamu kaɗan ya bayyana abubuwa masu yawa. Da dama a cikinsu sun gaskata cewa idan lissafi ya yi irin wannan kyau, alama ce ta cewa gaskiya ne. Tambayar da take gaban mai karatu ita ce ko wannan dogara tasu tana da tushe, ko kuwa so ne kawai, wanda aka ce yana hana ganin laifi. Tambayar ba ta wasa ba ce, gama akwai mutanen da suka ƙare kwanakinsu suna bin lissafi saboda kyansa, waɗansu suka tarar da dukiya a ƙarshen hanya, waɗansu kuwa suka tarar da wofi.

Labarin ya fara da da'ira. Masanan Helenawa na dā, irin su Aflatun da Aristotil, sun koyar cewa sama cikakkiya ce, ba ta da aibi, saboda haka tilas ne abin da yake tafiya a cikinta ya bi cikakkiyar hanya. A wurinsu kuwa ba siffar da ta kai da'ira cika, tun da yake ba ta da farko ba ta da ƙarshe, ko'ina a bakinta kuma nisansa ɗaya ne daga tsakiya. Duk wanda ya ga inda akuya ta cinye ciyawa kewaye da turkenta ya san wannan siffa, ya kuma san dalilin da take kwantar da ido.

Amma taurari masu yawo ba su yi biyayya ba. Jan tauraron nan da ake kira Mas yakan yi ta matsawa gabas a tsakanin sauran taurari dare bayan dare, sa'an nan, wajen kowace shekara 2 da wata 2, sai ya tsaya, ya koma da baya har wajen wata 2, ya sāke tsayawa, ya ci gaba da tafiyarsa ta dā. Batlamiyus, wanda ya yi aiki a Iskandariya ta Masar wajen shekara ta 150, ya warware wannan da ɗora da'ira a kan da'ira, kamar yaro yana zagaya uwarsa alhali ita kuma tana zagaya rumbu. Lissafinsa ya yi aiki, aka yi ta amfani da shi wajen shekara 1,400. Masanan Musulmi suka gyara shi, a cikinsu har da Ibn al-Shatir, mai kula da lokutan salla a babban masallacin Dimashƙu a ƙarni na 14. A shekara ta 1543 Nikolas Kofanikus, ma'aikacin ikkilisiya a ƙasar Folan, ya fitar da littafinsa inda ya sa rana a tsakiya, duniya tana zagaya ta. Da wannan ne komawar Mas da baya ta zama abu mai sauƙi: duniya ce take wuce shi a hanyar ciki, kamar yadda mai babur yakan ga mai keke yana ja da baya sa'ad da ya wuce shi. Duk da haka Kofanikus bai taɓa da'ira ba. Ya ci gaba da ɗora ƙananan da'irori, lissafinsa kuwa bai fi na Batlamiyus faɗar daidai inda tauraro zai kasance ba sai kaɗan, in ma ya fi.

A nan ne Yohanna Kepler ya shigo. An haife shi a Jamus a 1571, ya yi karatu a Tubingen da niyyar zama fasto a ikkilisiyar Luther, amma a 1594 aka aike shi garin Graz na Ostiriya ya koyar da lissafi. Mutum ne mai ibada ƙwarai, ya kuma gaskata cewa Mahalicci ya yi duniya bisa ga ma'auni da siffa, ya ba ɗan adam hankali domin ya iya karanta wannan tsari. A 1595, yana cikin zane a allo a gaban ɗalibansa, wani tunani ya faɗo masa. A zamaninsa duniyoyi 6 aka sani masu zagaya rana: Makyuri, da Zara, da duniyarmu, da Mas, da Jufita, da Satun. Tsakanin abu 6 akwai fili 5. Tun zamanin Uklidis kuwa an tabbatar cewa dunƙulallun siffofi waɗanda dukan fuskokinsu iri ɗaya ne, kusurwoyinsu kuma daidai, guda 5 ne kaɗai, ba za a taɓa samun ta shida ba. Akwai mai fuska 4, da mai fuska 6 kamar dunƙulen Maggi, da mai 8, da mai 12, da mai 20. Kepler ya jera su ɗaya a cikin ɗaya kamar ƙorai, ya sa hanyar kowace duniya a tsakaninsu, sai ya ga nisan da ya samu ya yi kusa da wanda Kofanikus ya auna. Murna ta kama shi. A ganinsa ya gane abin da ya sa duniyoyi 6 ne, ba 5 ba 7 ba, da abin da ya sa kowace take inda take. Ya buga wannan a 1596.

Da wuya a sami tunani mai kyau kamar wannan a dukan tarihin ilimin taurari. Ba gaskiya ba ne ko kaɗan.

Tun da yake lambobin sun yi kusa ne kawai, ba su faɗa daidai ba, Kepler ya zaci laifin na awo ne, ya shiga neman awo mafi kyau. Wanda yake da shi kuwa Tycho Brahe ne, basaraken ƙasar Danmak, wanda ya yi wajen shekara 20 a tsibirin Hven yana auna wuraren taurari da manyan kayan awo na tagulla da katako. Ba a ƙirƙiro madubin hangen nesa ba tukuna, da ido kawai yake aiki. Kepler ya je wurinsa kusa da birnin Firag a 1600, aka ba shi aikin Mas, wanda ya fi sauran taurin kai. Tycho ya rasu a 1601, littattafan awonsa suka shiga hannun Kepler.

Domin a gane abin da ya biyo baya, sai a san yadda ake auna sama. Ana raba kewayenta kashi 360, kowane kashi sunansa digiri. Kowane digiri ana raba shi 60, ana kiran su minti, kowane minti kuma ana raba shi sakan 60. Ba na agogo ba ne, na faɗi ne. Cikakken wata, in an dube shi daga ƙasa, faɗinsa wajen minti 30 ne. Awon mutanen dā yakan kauce da wajen minti 10, ba wanda ya damu. Na Tycho kuwa bai cika kaucewa fiye da minti 2 ba.

Kepler ya zauna da alƙalami da takarda, ba na'ura, ya nemi da'irar da za ta dace da tafiyar Mas. Ya maimaita dogon lissafin wajen sau 70. Daga baya ya sami da'irar da ta dace da awon da ya fara da shi, kuskurenta bai wuce minti 2 ba. Amma da ya gwada ta da waɗansu awon na Tycho, ya kuma gyara tsakiyarta yadda awon nisa ya bukata, sai kuskuren minti 8 ya fito a waɗansu wurare na hanyar. Minti 8 wajen rubu'in faɗin wata ne. In mutum ya miƙa hannu ya riƙe tsinken tsintsiya, tsinken zai rufe shi.

Ya kamata mai karatu ya tsaya ya dubi jarabar da take wurin. Shekaru na wahala suna cikin wannan da'ira. Masana na shekara 2,000 suna bayanta. Tycho ya mutu, ba zai tashi ya kāre awonsa ba, da Kepler ya ce idon tsohon ne ya yi gardama a wannan dare, ko iska ce ta kaɗa kayan awo, da ba mai tuhumarsa. Ba wani a Turai da zai iya bin lissafin har ya gano. Ba a ma bukatar ƙarya mai girma, yin shiru kawai ya isa. Irin jarabar ce da takan sami mai awon hatsi sa'ad da mai saye ya juya baya, da alƙali sa'ad da shaida ɗaya tak, talaka, ya ɓata masa hukuncin da ya riga ya shirya. Kepler ya rubuta cewa tun da alherin Allah ya ba da mai awo mai aminci irin Tycho, wajibi ne a karɓi kyautar da godiya, ba za a yi watsi da minti 8 ɗin nan ba. Ya ajiye da'ira.

Abin lura shi ne bangaskiyar da ta kai shi ga kuskure ita ce kuma ta fisshe shi. Domin ya gaskata Mahalicci mai tsari ne, ya yi gaggawar ɗauka cewa tsarin da ya yi wa Kepler kyau shi ne wanda aka yi amfani da shi. Domin kuma ya gaskata sama aikin Mahalicci ce, bai yarda ya gyara shaidarta don ta dace da son zuciyarsa ba. Haka halinsa yake a sauran al'amura ma. An kore shi daga Graz a 1600 domin ya ƙi barin ikkilisiyarsa, daga baya kuma a garin Linz ikkilisiyar tasa ta hana shi Jibin Ubangiji domin ya ƙi sa hannu a kan takardar koyarwa wadda bai yarda da dukanta ba.

Ya gwada siffar ƙwai, ya sha wuya da ita, ba ta yi ba. Sai a 1605 ya gane siffar da ake kira elifs ce, wadda masu lissafin Helenawa suka sani tun dā amma ba wanda ya yi tsammanin tana sama. Ga yadda ake zana ta. A kafa turke biyu, a ɗaure bakin igiya ɗaya a wannan, ɗaya a wancan, igiyar da ɗan sako-sako. A sa tsinke a ja igiyar ta miƙe, a zagaya da shi a ƙasa. Abin da zai fito miƙaƙƙiyar da'ira ce. Rana tana wurin turke ɗaya, a wurin ɗayan kuwa ba kome. Wannan turke na wofi ya dami masu son kyau ƙwarai. Miƙewar kuma ba ta da yawa: in aka zana hanyar Mas da tsawon mita 1 daga tsakiya zuwa baki ta dogon gefe, gajeren gefen zai gaza da wajen milimita 4 ne kawai. Ido ba zai raba ta da da'ira ba. Kepler ya kuma gano cewa duniya takan yi sauri in ta kusato rana, ta rage in ta yi nisa, bisa ga ƙa'ida tabbatacciya. Ya buga waɗannan a 1609. Galiliyo, babban masanin Italiya, wanda ya sha wahala saboda koyarwar Kofanikus, bai karɓi elifs ba har ya mutu. Littafinsa na 1632 yana nan da da'irorinsa.

A 1618, shekarar da Yaƙin Shekara Talatin ya tashi, mahaifiyarsa kuma tana ƙarƙashin zargin maita, Kepler ya sami ƙa'ida ta uku, wadda mai karatu zai iya gwadawa da fensir. Nisan Jufita daga rana ya ninka na duniyarmu sau 5.2. A ninka 5.2 da kanta, a sāke ninkawa da 5.2, za a sami wajen 141. Jufita yana gama zagaya rana cikin shekara 11.86. A ninka 11.86 da kanta, za a sami wajen 141 kuma. Haka yake ga kowace duniya mai zagaya rana. Kepler ya ƙera jadawalin taurari a kan waɗannan ƙa'idodi a 1627, ya faɗa cewa Makyuri zai ratsa fuskar rana a ranar 7 ga Nuwamba 1631. Ya rasu a 1630. A ranar da ya faɗa, wani fada mai suna Pierre Gassendi ya ga ɗan baƙin ɗigon yana ratsa rana daga ɗakinsa a Faris.

Sai a 1687 aka ga abin da elifs yake ɓoyewa. Ishaku Newton na Ingila ya nuna cewa dukan ƙa'idodin Kepler guda 3 suna fitowa daga doka ɗaya tare da dokokinsa na motsi: kowane abu yana jan kowane abu, in nisa ya ninka sau 2 ƙarfin jan ya koma rubu'i, in ya ninka sau 3 ya koma ɗaya bisa tara. Dutsen da aka saka yakan faɗi wajen mita 5 a sakan na fari. Wata yana nesa da tsakiyar duniya sau 60 fiye da dutsen, saboda haka jan da yake ji ya ragu sau 3,600, wato a kowane sakan yana faɗowa wajen duniya da abin da bai kai milimita ɗaya da rabi ba. Wannan kuwa shi ne daidai lanƙwasar da take riƙe shi a hanyarsa. Mangwaron da ya faɗo, da wata, da hawan teku da saukarsa, da tauraro mai wutsiya, duka a layi ɗaya na lissafi. Kyan da'ira bai kama ƙafar wannan ba. Amma da Kepler ya riƙe da'ira, da an toshe hanyar zuwa gare shi, gama dokar Newton elifs take haifa.

Daga nan ne masu fiziks suka ƙara ƙarfi a dogararsu ga kyau, suna kuwa da hujja. A wajen 1865 James Clerk Maxwell, mutumin Sikotlan, ya haɗa dokokin lantarki da na maganaɗisu, lissafin ya nuna masa cewa akwai igiyoyi masu gudun wajen kilomita 300,000 a sakan, wato gudun haske. Ya gane haske kansa irinsu ne. Heinrich Hertz ya haifar da irin waɗannan igiyoyi a ɗakin gwaji a 1887, su ne kuwa suke kawo murya a rediyo. A 1928 Paul Dirac ya rubuta gajeren lissafi domin ƙwayar lantarki da ake kira ilektaron, lissafin ya ba da amsa biyu maimakon ɗaya. A 1931 ya ce amsa ta biyu wata ƙwaya ce da ba a taɓa gani ba, tagwayen ilektaron mai kishiyar caji. Carl Anderson ya gan ta a Amurka a 1932, yau kuma ana aiki da ita a na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki a manyan asibitoci. Dirac ya kai ga koyar da cewa kyan lissafi ya fi dacewarsa da gwaji muhimmanci, gama a ganinsa saɓanin da gwaji sau da yawa ƙananan abubuwa ne da za a gyara daga baya.

Sai dai labarin masu nasara ake bayarwa a dandali. A 1867 William Thomson, wanda daga baya aka san shi da Lord Kelvin, ya ga zoben hayaƙi suna yawo a ɗakin gwajin abokinsa Peter Tait, ya yi tunanin cewa kowace ƙwayar zarra ƙulli ce a cikin wani ruwa marar ganuwa da ya cika sarari, bambancin sinadarai kuma bambancin ƙulli ne. Tunani ne mai daɗi, masana suka yi shekaru a kansa, Tait ya zana jadawalin ƙulle-ƙulle. Ruwan nan babu shi. A 1974 Howard Georgi da Sheldon Glashow suka kawo lissafi mai haɗa uku daga ƙarfafan halitta wuri ɗaya, wanda ya ce ƙwayar furoton za ta ruɓe bayan dogon zamani. Aka gina manyan tankuna a ƙarƙashin ƙasa domin a gani, na Kamioka a Japan yana ɗauke da ruwa tan 50,000. Ba a ga furoton ko ɗaya ya ruɓe ba, siffar lissafin mafi sauƙi kuwa ta faɗi. Haka kuma mutane da yawa suka sa rai cewa babbar na'urar da take kusa da Janeba, mai kewayen kilomita 27, za ta nuna tagwayen ƙwayoyi waɗanda wani kyakkyawan lissafi ya yi alkawari. Ta nuna ƙwayar Higgs a 2012, tagwayen kuwa shiru. A 2018 wata masaniya 'yar Jamus, Sabine Hossenfelder, ta rubuta littafi tana zargin abokan aikinta cewa son kyau ya ɓatar da su. Akwai kyan ɗan maciji a lissafi ma.

Wani zai ce, to, ai maganar ta ƙare, a bi awo a bar kyau. Ba ta ƙare ba, gama awo ma yakan yi kuskure, ba kuwa kowane saɓani ne ya isa ya rushe doka ba. Bayan William Herschel ya gano duniya ta bakwai, Yuranus, a 1781, aka ga ba ta bin hanyar da dokar Newton ta zana mata. Urbain Le Verrier na Faransa bai yar da dokar ba. Ya ce akwai wata duniya da ba a gani ba tana jan ta, ya lissafta inda take, a daren 23 ga Satumba 1846 kuwa Johann Galle ya gan ta daga Balin, bai kai digiri 1 daga wurin da aka faɗa ba. Ita ce Naftun. A 1859 Le Verrier ɗin nan ya ga Makyuri ma yana kaucewa kaɗan, ya sāke yin dabara iri ɗaya, ya ce akwai wata duniya kusa da rana, aka ba ta suna Bulkan, aka yi shekaru ana nema. Babu ita. Kaucewar, wadda aka ƙayyade daga baya sakan 43 a shekara 100, ta fi minti 8 na Kepler ƙanƙanta nesa ba kusa ba, amma a wannan karo dokar Newton ce da kanta ta gaza. Albert Einstein ya kawo sabon lissafi a Nuwamba 1915, ya ba da sakan 43 ɗin ba tare da faci ba. A husufin rana na 29 ga Mayu 1919 aka gwada shi daga tsibirin Firinsife a gaɓar Afirka ta Yamma da garin Sobral na Birazil, aka ga hasken taurari yana lanƙwasa kusa da rana yadda ya faɗa. Mutum ɗaya, dabara ɗaya, sau ɗaya ta ci, sau ɗaya ta faɗi, kyan dokar kuwa bai gaya masa wanne ne wanne ba. A 2011 kuma wani gwaji tsakanin Janeba da Italiya ya nuna kamar waɗansu ƙwayoyi sun fi haske gudu. Yawancin masana suka ce a dakata, a 2012 aka tarar wata waya ce ba a ɗaure da kyau ba. Abin da ya sa minti 8 na Kepler suka yi nauyi shi ne ya san mai shaidar, ya zauna da shi, ya san iyakar kuskuren kayan awonsa.

Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da ake kira askar Okam, da sunan William na Okam, ɗan ɗariƙar Faransis na Ingila a ƙarni na 14. Ma'anarta ita ce kada a ƙara zato inda ba a bukata. Mutane sukan ɗauke ta kamar tana cewa bayani mafi sauƙi shi ne gaskiya. Ba ta kai nan ba. Tana aiki ne sa'ad da bayani biyu suka dace da shaida daidai da juna, sa'an nan a zaɓi marar kaya da yawa. Da'ira ta fi elifs sauƙi, turke ɗaya take bukata, amma ba ta dace da shaida ba, saboda haka askar ba ta da abin yi a wurin. Wanzami gashi yake askewa, in ya haɗa da kunne an daina kiransa gwani.

Idon da yake ganin kyau kuma koya masa aka yi. Elifs mummuna ce a 1609, bayan Newton ta zama abin sha'awa. Lissafin Einstein ana rubuta shi a layi ɗaya, amma layin nan yana ƙunshe da lissafi 10, shi kansa Einstein sai da abokinsa Marcel Grossmann ya taimake shi ya koyi irin wannan lissafi, ya yi shekaru yana fama. Sauƙin irin na tsohuwar magina ce wadda take ɗaga tukunya da 'yan motsi kaɗan, mai kallo ya zaci shi ma zai iya. Abin da masana suke kira kyau yawancinsa kamannin gaskiyar da aka riga aka samu ne. Shi ya sa yakan yi jagora mai kyau a ƙasar da ta yi kama da wadda aka sani, ya ruɗe a baƙuwar ƙasa. Dirac yana da gaskiya cewa hancin gwani abin dogara ne wajen zaɓen inda za a haƙa rijiya. Ruwa ne kaɗai zai nuna ko an dace.

Duk da haka mamakin yana nan, bai kamata a rage shi ba. Ba wanda ya yi wa ɗan adam alkawari cewa sama za ta shiga layi ɗaya na alli. Eugene Wigner ya rubuta a 1960 cewa dacewar lissafi da halitta kyauta ce wadda ba a gane dalilinta ba. Mai bi yana ganin hikimar Mahalicci a ciki, kamar yadda Kepler da Newton da Maxwell suka gani, wanda ba ya bi kuma yana kiranta tambayar da ba a amsa ba tukuna. Amma ko mai bi ba shi da izinin tsallakawa daga cewa Mahalicci mai hikima ne zuwa cewa lalle ya yi abin da ya gamshi idon wane. Nan ne ƙafar Kepler ta zame a 1595, a wannan wuri kuwa bai taɓa tashi sarai ba. Mutumin da ya yar da da'ira saboda minti 8 ya sāke buga littafin siffofi 5 a 1621 da ƙarin bayani, yana riƙe da shi har ƙarshen ransa.

Kuskurensa a nan ya wuce na amsa, tambayar ce ba ta zauna daidai ba. Ya nemi sauƙi a cikin yawan duniyoyi da nisansu, alhali sauƙin yana cikin dokar da take motsa su. Doka ɗaya takan haifi gidaje iri iri, gwargwadon yadda ƙura da iskar da suka kewaye kowane tauraro suka taru tun farko. A 1995 aka gano duniya ta fari mai zagaya wani tauraro irin rana, tun daga nan kuma waɗanda aka tabbatar sun wuce 5,000. Fiye da 2,600 daga cikinsu wani madubin hangen nesa ne ya gano su, wanda Amurka ta harba sama a 2009, ya yi aiki har 2018. Yana ganewa ne ta wurin ɗan dushewar hasken tauraro sa'ad da duniya ta ratsa gabansa, irin abin da Gassendi ya gani a 1631, da ƙa'ida ta uku kuma ake lissafta nisan kowace daga tauraronta. Waɗansu taurarin an ga duniya ɗaya a wurinsu, waɗansu 3, akwai mai 8. Sunan madubin Kepler.